Bangon Ɗakin Maijego

Kwarin Tsamiya, ƙasar Yekuwa
Ran Laraba

An haihu! Mace ce, Muttaƙa, mai rai, mai kuka! Matarka Rukaiya ta sauka yau da hantsi, ita da ɗiyar duk lafiya lau.

Af, ko gaishe ka ban yi ba. Assalamu alaikum ɗana. Yaya ƙafar? Maɗorin nan na Waca yana dai kula da kai? Ka yi haƙuri da rubutun. Shekara tara muna jiran wannan rana. Na shiga na yi mata huɗuba a kunne, na ce wannan amaryata ce, kowa ya kauce. Uwarka ta ce, "Wace mace ce za ta so tsoho mai haƙori huɗu?" Na ce ai ita ko ɗaya ba ta da shi.

Sai dai ta iske mu cikin kwasar kaya. Tun da ka faɗo daga ginin nan aka tafi da kai, ruwa bai ɗauke kwana biyu a jere ba. Tafki ya cika har ya haɗe da rijiya. Ƙasan ɗakuna tsattsafo yake, ka taka ka ga sawunka ya cika. Ɗakuna uku sun zube a unguwar gabas. Mutanen meri, wato ƙaramar hukuma, sun zo tare da maigari sun auna mana filaye a Tudun Gawo, sun ce kowa ya tashi. Mai cajin waya shi ya fara gudu da fanonsa na hasken rana, duk wayoyin gari sun mutu, shi ya sa na ɓalle takarda daga kayena, littafin rubutuna na karatun manya. Rabe mai moto, babur ɗin haya, zai kawo maka.

Mun kai amalanke huɗu: turmi, dutsen niƙa, randuna biyu, irin gyaɗa, garemanin noma. Jeren kwanukan matarka uwarka ta naɗe ɗaya bayan ɗaya cikin tsumma, ba ta yarda namiji ya taɓa ba. Awaki sun hau tudu. Saura rumbun hatsi, da mu.

Uwarka ta ce jaririya ba ta fita sai an yi suna, don haka muna nan har Laraba mai zuwa. Ni kuwa gobe da sassafe zan sa a cire azarar turakata. Giginya ce, ubana ya ɗora ta. Da ita zan kafa wa amaryata ɗaki a tudu, a kewaye da zana, ta iske shi a shirye.

Allah ya ba ka lafiya ka zo ka ɗauke ta da hannunka.

Ubanka, Sabo

*

Waca
Ran Alhamis

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Na samu takarda. Alhamdu lillahi. Allah ya raya baƙuwar, ya ba mai ɗakin lafiya. Ƙafa da sauƙi, amma tana ɗaure cikin karare, maɗori ya ce ko takawa kada in yi sai bayan kwana ashirin.

Baba, don girman Allah kada a taɓa azarar turaka. Ni na yi wa gidan nan yaɓe bara, na san cikinsa. Turakarka da ɗakin da suke ciki bango ɗaya suka haɗa. Azarar nan da ta can duk a kansa suke zaune, wannan na riƙe shi ta gabas, waccan ta yamma. In aka zare ta gefe ɗaya, nauyi ya koma gefe ɗaya, kuma kan bangon ya zauna a buɗe, ruwa ya riƙa shiga cikinsa. Gindinsa kuwa ka ce ya riga ya jiƙe.

Na roƙi Rabe ya juyo yau ɗin nan ko ruwa ake. In takardar ta iske an riga an cire, to a fitar da su daga ɗakin. A faɗa wa Inna ni na roƙa.

Ina gaida Inna, ina gaida Kawu Mahdi. Ka huta lafiya.

Ɗanka, Muttaƙa

*

Kwarin Tsamiya
Ran Asabar

Assalamu alaikum Muttaƙa. Muna gaishe ka da jiki.

Takardarka ta zo a makare. Korama ta tsare Rabe a hanya, sai jiya Juma'a ya iso, azara kuwa tun ran Alhamis tana tudu. Laifina ne. Kawunka Mahdi ma ya ce a dakata, na ce masa murna ba ta jira. Ina gama karanta takardarka na zauna a kan bakin amalanke.

Na zagaya na duba bangon ta cikin turaka. Ya tsage daga sama har kusan ƙugu. Jiya yatsa ɗaya ke shiga, yau da safe biyu. Mun tokare shi da itace uku, mun rufe kansa da leda, iska ta yaye, mun sake rufewa muka danne da duwatsu. Itacen kansu nutsewa suke cikin laka. Gadon maijego kuwa a jikin bangon nan yake. Mun ja shi zuwa ɗayan gefen, amma ka san ɗakin, taku huɗu ne.

Na kira uwarka waje na karanta mata takardarka kaf. Ta ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ta ce, "To ba ta fita." Na ce mu mai da su ɗakin girki mana. Ta ce, "Can ɗin da ruwa ke kwance har idon sawu? Kuma ta ina za a bi da ita, ba ta tsakar gida ba?"

Ta ce in rubuta maka maganarta kada in rage, ga ta:

"Ka faɗa masa ni ma ina da ido, na ga bangon. Amma jariri ba ya fita daga ƙarƙashin rufi kafin kwana bakwai, sama ba ta ganinsa. Wancan ɗan Rukaiya na fari da kuka fi ƙarfina kuka ɗauka ran kwana uku, ya dawo? Ni na wanke shi. Ba zan wanke wannan ba. Kai ne ka cire itace da rawar kai, kai ka san yadda za ka mayar."

Na ce mata wancan yaro ba fita ce ta kashe shi ba, da ciwonsa aka fita da shi. Sai ta fashe da kuka. Shekara arba'in muna tare, sau biyu na taɓa ganin kukanta. Liman ya zo ya ce mata addini bai hana ba, tsare rai shi ne gaba. Ta durƙusa ta ce, "Na ji, Malam," yana fita ta koma ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafa.

Mayar da azara ba zai yiwu ba, Mahdi ya ce duk wanda ya hau bangon nan da shi zai sauko. Gari ya watse, gida biyar muka rage. Ɗakuna duk wayam, ba ka jin komai sai kwaɗi da kukan ɗiyar nan. Da ta yi shiru sai in ruga in leƙa. Na kasa cin tuwo. Yanzu haka da nake rubutu gabas ta yi baƙi ƙirin.

Ka yi mana addu'a. Ka yafe mini.

Ubanka, Sabo

*

Waca
Ran Litinin

Baba,

Ina gaisuwa. Jiya na ba Rabe takarda, ya dawo mini da ita, ya ce ko motar kasuwa ba ta ƙetare korama ba. Yau wani mai sayar da wake ya zo ɗori daga wajen Kwaya. Ya ce ya ji a tasha ɗaki ya faɗi a Kwarin Tsamiya jiya da la'asar, gidan da aka yi haihuwa. Na ce da mutane ciki? Ya ce bai sani ba. Na tambaye shi sau uku.

Na yunƙura in tashi, maɗori ya sa aka danne ni, ya ce na kusa ɓata masa aiki.

Baba, ka gafarce ni, yau ba ni da kunya. Ina Rukaiya? Ina ɗiyata? Ko fuskarta ban gani ba. Ina Inna, da ka ce tana zaune a bakin ƙofa? In wani abu ya faru kada a ɓoye mini don ƙafa. Ka rubuta ko kalma ɗaya ce. Rabe ya yi mini alkawari zai bar moto a bakin ruwa ya ƙetare da ƙafa.

Ɗanka, Muttaƙa

*

Tudun Gawo
Ran Talata

Suna raye! Su uku duka! Ɗakinmu ne ya faɗi, amma babu kowa a ciki.

Assalamu alaikum. Ka kwanta ka bar ƙafar nan ta huta, ga yadda aka yi.

Ran Lahadi da safe ƙasa ta fara zubowa daga rufi. Ina tsaye a waje muna ta ja da uwarka, sai matarka, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Inna, ƙasa na zuba a kan zanenta. In rufi ne, a kawo mana rufi mu shiga." Uwarka ta ce, "In sama ta gan ta ko da ƙiftawar ido, ban yafe ba."

Na ruga na tara mazan da suka rage, mu takwas har da liman. Muka ɗage jinkar rumbuna ɗungurungum. Muka fasa danga amalanke ya shigo har ƙofar ɗaki, muka kara jinkar da bakin ƙofa, mata suka kewaye da zannuwa. Rukaiya ta sunkuyo ta shiga da ɗiyar a ƙirji, uwarka na biye da kaskon wuta. Haka muka tafi, saniya na ja, mu muna ɗauke da jinka a kafaɗa, huɗu nan huɗu can, kowa na bin takun amalanke.

A mashigin tafki ruwa ya kai mana cinya. Ƙafar amalanke ta kafe, ga yayyafi ya fara. Ba mai iya sakin jinka ya tura. Mahdi ya zame, gefensa ya karkata, na ji uwarka ta ƙwalla salati daga ciki. Ban san inda na samu ƙarfi ba, na sa kaina na tare. Matan da ke biye da mu su suka ajiye kayansu suka shiga ruwa suka tura. Wuyana har yau ba ya juyawa.

Da azahar muka iso. Da la'asar aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, bangon ya kife cikin ɗakin, rufi ya bi shi. Jiya na je na gani. Ƙafar gado ɗaya ce ta leƙo daga ƙasa. Na dawo na faɗa wa uwarka, ta dube ni ta ce, "An ɗora ruwan wankan maijego?"

Hatsin rumbu ya sha ruwa, tunda na bar shi a buɗe. Dami goma sha ɗaya sun yi baƙi. Za mu ci abin da ya shanyu.

Gobe suna. Rabe ya yi magana da mai mota, korama ta janye, za a shimfiɗa maka katifa a baya. Ka taho da maɗorin, da mai waken nan da ya tsorata ka, da duk wanda ya tambaye ka labari. Ragon yana ɗaure a gindin gawo. Tana nan kwance cikin ɗakin zana, ta buɗe ido tana kallon kowa. Ku zo duka, ku zo ku gan ta!

Ubanka, Sabo