Kanta a Hannun Dama

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu Bahago, ya sa ya huta.

Kin ce in riƙa rubuto miki halin da Inna take ciki ba tare da na rage komai ba, to ga shi. Ido dai ya tafi gaba ɗaya, ko hasken taga ba ta gani. Tana sallarta a zaune, abinci kuwa sai an yi ta lallashi. Tunanin ne yake zuwa yana komawa. Ta san an yi mata rasuwa, ta san ɗanta ne, amma in ta ɗauko maganar sai ta kuɓuce mata a tsakiya. Ni da maman yara mun tare a gidan gaba ɗaya, kamar yadda kika ba da shawara.

Ranar Asabar abokan kiɗansa suka zo, Tela da Mai Kemis, waɗanda suke haɗuwa da shi a bayan shago duk ƙarshen mako suna hana maƙwabta barcin rana. Lasifikarsu suka zo ɗauka. Muka zauna a ɗakinsa, jitarsa na rataye a ƙusar bayan ƙofa. Ko shayin ba su shanye ba tsohuwar gardamarsu ta tashi. Tela ya ce tsirkiya siririya ita ce tsirkiya, mai taushi kamar zaren ɗinki, kuma a canza ta duk wata. Mai Kemis ya ce shi ta roba yake so, don bai ga dalilin da mutum zai yanka yatsunsa a kan abin da ba a biyansa ba. Sai suka haɗu suka koma kan marigayi, wai shi wayar shanya yake ɗaurawa, mai kaurin tsiya, kuma ba ya canzawa sai ta tsinke. In ta yi datti ya kwance ya dafa ta a tukunyar Inna, tana faɗa yana dariya. Wai sabuwar tsirkiya surutu gare ta, tsohuwa ce take magana. Suna cikin dariya Mai Kemis ya fashe da kuka.

Tela ya nemi in ba shi jitar ya juya tsirkiyoyin, tunda a ɗaurin bahago take, ba mai iya kaɗa ta. Na hana. Ban gaya masa ba, amma ke kin san akwai wanda ya iya. A kanta ya koya mini muna samari, kuma da yake babu wata a gidan, a bahagon na koya. Ni da nake rubutu da dama, ban taɓa sanin riƙon jita ta dama ba.

Da suka tafi na sauko da ita. Ƙamshin man gashinsa na nan a jikin maɗaurin. Na ɗan taɓa waƙar nan da yake fara kowane zama da ita, a hankali. Sai na ji muryar Inna daga ɗakinta, garau kamar ta da, tana cewa Bahago ya rage ƙara za ta yi la'asar. Yaya, ban san lokacin da na amsa mata da to ba.

Ranar ta cinye abincinta tas. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Dogo

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da gida duka, da fatan jiki ya yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, har da faɗan da kika yi mini na daɗewa ban rubuto ba. Ba lalaci ba ne. Na rasa ta inda zan fara ne.

Tun ranar nan, kullum na dawo daga makaranta, ko allin hannuna ban wanke ba, sai in zauna a bakin ƙofarta in kaɗa mata. Na ce a raina magani ne, tunda in ta ji tana ci, tana hira, har tsokanar mai aiki take yi. Kin san muryarmu ɗaya ni da shi, ke kanki kin sha ruɗa mu a waya. In ta kira sunansa ina amsawa. Na ɗauka kafin a jima za ta gane.

Wayoyin nan nasa ba sa wasa. Da farko yatsuna suka kumbura, suka yi ƙurji, alli ma da ƙyar nake riƙewa, ɗalibai suna ta yi mini dariya wai Malam ya taɓa tukunya. Daga baya fatar ta mutu, ta yi kanta. A hannun dama, tunda shi ne yake danna tsirkiya a riƙon bahago.

Kin tuna yadda Inna take gane mu tun da idonta ya fara rauni. Ba ta tambaya, hannu take kamawa. Wata ranar Talata na kawo mata magani, ta kama hannuna na dama, ta bi kan yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. Ta daɗe tana shafawa. Sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce ashe Dogo ne ya tafi. Wai ta yi ta lissafi ya ƙi fita, yanzu ya fita. Allah ya jiƙan Dogo.

Ni da nake koyar da lissafi, ban ga wannan yana tahowa ba. Ta san ɗaya ya rasu, ga Bahago a gabanta da kantarsa, to wa ya rage?

Yanzu kowace safiya ina jinta daga tsakar gida tana yi mini addu'a da sunana, Allah ya haskaka kabarina. Ina tsaye ina ɗaura agogo zan tafi aiki. Yarana in sun shiga gaishe ta sai ta jawo su tana shafa kansu, tana kiransu marayu. Ƙaramar ta tambaye ni mene ne maraya. Maman yara kuwa ta daina shiga ɗakin, don duk shigar da ta yi sai an ba ta haƙurin rashina, ina zaune a gefe. Ta ce mini ita ba za ta iya ba, mijinta da ransa. Ta yi gaskiya.

Ina jin tsoro, Yaya, ba na Inna kaɗai ba. Jiya na ɗaga kofi sai na ga da hagu na ɗauka. Na wuce ta gaban madubinsa da jitar a kafaɗa, ban yarda na kalla ba. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, kada a tayar mata da hankali. In na gaya mata gaskiya, na sake kashe mata Bahago. In na yi shiru, uwata za ta bar duniya tana ganin na riga ta. Ki ba ni shawara, ke ce babba.

Ƙaninki mai kewarki,
Dogo

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ji daɗi da kika ce kina tafe in an yi hutu. Na karanta shawararki, cewa haƙƙina ne uwata ta san ina raye, kuma na yi niyyar bi. Ga yadda ta kaya.

Makon jiya tsirkiya ta uku ta tsinke, ta tsarge ni a kunci. Na kai wa Tela, ya ɗaura mini irin tasa yana murna, wai yau dai jitar nan ta shiga zamani. Taɓawa ɗaya na yi Inna ta ce wa ya taɓa maka kaya, wannan ai ba muryarta ba ce. Na koma ɗakinsa na birkice akwati, na samo wata tsohuwa mai tsatsa a cikin gwangwanin madara. Na ɗora tukunya na dafa ta. Ina tsaye ina juyawa da cokali ina fito, na waiga sai ga maman yara a bakin ƙofa. Kallon da ta yi mini, ba kallon da ake yi wa miji ba ne. Ta ce fiton ma nasa ne.

A nan na yanke shawara. Na jiƙa hannuna a ruwan zafi, na ɗauki dutsen goge ƙafa na yi ta gurzar yatsuna har kantar ta fita, har naman ya yi ja. Dabarata ita ce in miƙa mata hannun kawai, ta karanta da kanta, ba sai na buɗe baki ba.

Da hantsi na shiga. Tana zaune a bakin gado, ta juya fuskarta wajen taga don ɗumin rana. Ta ji takuna ta ce in zauna kusa. Na zauna, na fara miƙa hannun. Sai ta ce tun asuba take tunanin Dogo. Yaro ne mai haƙuri, bai taɓa sa ta kuka ba, bai taɓa neman komai a wurinta ba, har takan manta yana gidan. Na ji wani sanyi a raina, na ce yau zan ji abin da ban taɓa ji ba. Sai ta rage murya kamar mai gudun wani ya ji, ta ce:

"Allah ya yafe mini, amma ya san wanda zan iya jure rashinsa. Da kai ya ɗauka, Bahago, da ban kai yau ba."

Na janye hannuna na sa a aljihu.

Ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Ba sabon labari ba ne, duk mun tashi mun sani, amma ban taɓa zaton da kunnena zan ji ba. Ban ji haushinta ba. Shi ma ban ji haushinsa ba, na neme shi ne in ba shi labari mu yi dariya, sai na tuna.

Ta ce in ɗauko jitar in kaɗa wa ɗan'uwana wani abu. Na ɗauko. Da ɗanyen nama na danna wayoyin nan har ta yi barci, sannan na goge jinin da bakin rigata. Kantar za ta dawo kafin ki iso. A tsakanin nan ina ba ta magani da hagu, na ce mata na ƙone.

Na yi magana da maman yara. Ta yi kuka, ta ce za ta yi ƙoƙari. Saura ke. In kin zo, don Allah kada ki kira ni da sunana a gabanta. Kuma in kin shiga, ki durƙusa ki yi mata gaisuwar rasuwata yadda ya kamata, don ta yi ta mitar cewa har yau ba ki ce mata komai ba a kan Dogo.

Ki gaishe da maigidanki da yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Naki har kullum,
Dogo