Katangarmu da Rijiyar Baba

Asabar, 14 ga Yuni

Yau mun aza dutse na farko. Mutum arba'in da ɗaya! Sau biyu na ƙirga, don kar a ce ni Sadiƙ na ƙara gishiri. Bara war haka ƙungiyar matasan nan tamu ba ta wuce zaman shayi da gardamar ƙwallo ba. Yau ga mu a bakin kori tun asuba, maza na ɗauko duwatsu a amalanken jaki, iyaye mata na miƙo ruwa da fura.

Shekara uku ke nan kori yana cin gaɓar ƙauyenmu duk sa'ad da ya kawo ruwa daga duwatsun Abzin. Bara saura taku goma sha biyu ya taɓa lakwal, makarantar ƙauyenmu. Wani furoje, shirin taimakon ƙauyuka, ya ba mu gabiyo ashirin da takwas, kejin waya ne da ake cikawa da duwatsu a jera su zama katanga. Teknisiyensu, masanin aikin, ya zo daga Agadas, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya ce sauran aiki namu ne. Namu ne kuwa.

Da la'asar na rubuta labarin a allon ƙungiya da ke jikin bangon lakwal, sunan kowa da na gidansu, na kuma aika saƙon murya a gurup ɗin iyaye. Aissa, sakatariyarmu kuma taubashiyata, ta ce muryata ta yi ta mai karanta labarai a rediyo, sai dai wanda mura ta kama. Hassada ce.

Litinin, 16 ga Yuni

Baba bai zo gayya ba, sai na bi shi lambu, can tsallaken kori. Na iske shi a bakin rijiya yana shayar da irin albasa. Rijiyar nan kakana ya haƙa ta, ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma da ita aka ciyar da mu duka har aka kai ni makaranta birni.

Bai bari na gama gaisuwa ba ya nuna turakunmu da haɓa.

"Katangar nan taku rijiyata take kallo."

Na ce ban gane ba. Ya ce ruwa in ya bugi dutse tsallake zai yi, kuma yadda muka miƙe igiyar, nan zai faɗo. Wai mu karya wutsiyar katangar ta kalli wajen gorubai, inda ba lambun kowa. Na ce ai teknisiyen ya yi lissafi.

"Sau nawa ya ga korin ga da ruwa?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutane arba'in na ce mini farzidan, wato shugabansu, shi kuma har yau gani yake ban iya ɗaura wa jaki kaya ba.

Talata, 17 ga Yuni

Na kira teknisiyen a salula. Ya ce da Faransanci, "C'est calculé, mon frère," wato an riga an yi lissafi. Shi ke nan. Ban kai maganar taro ba, me za a tattauna?

Asabar, 28 ga Yuni

Keji goma sha ɗaya. Tafin hannuna duk ya yi kanta, kuma ina jin daɗin nuna shi.

Wanda ya fi ba ni mamaki Bashar ne. Shekara uku yana haƙar zinariya a Jado, ya dawo ba komai sai tari da damatsa. Wata biyu ba ya fita ƙofar gida don kunya. Yau shi ke tsara duwatsu a keji, manya a gefe, ƙanana a ciki, ya ɗaure waya tamau. Da na sa sunansa a saman allo, mahaifiyarsa ta zo ta sa aka karanta mata sau biyu, ta tafi tana share ido da bakin gyale. In ba mu yi komai ba bana, mun yi wannan.

Laraba, 2 ga Yuli

Ajin karatu na 'yan mata da ƙungiya ta buɗe ya kai ɗalibai goma sha tara. Ƙwallo kuwa 'yan ƙauyen gabas sun ci mu biyu da nema. Ban sa a allo ba, ba kowane labari ne labari ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Daga kan katanga na hango Baba shi kaɗai yana jan rassan ƙaya yana jerawa a gaɓarsa, yana danne su da buhunan yashi. Na juya baya na ci gaba da ba da umarni.

Aissa ta gani. Ta same ni wajen tulu ta ce, "Farzidan, mi Kawu ke yi can?" Na faɗa mata abin da ya ce. Ta tsaya da dariyarta.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce wata guda. Ta ce a kai maganar taro. Na ce karya wutsiyar na nufin kwance keji shida da muka riga muka cika, ga shi na sanar da ranar buɗewa, har wakilin magajin gari ya ce zai zo. Bashar da ke gefe ya ce shi dai a Jado ya ga ramin da aka yi wa lissafi ya rufta. Na ce nan ba Jado ba ne.

Gaskiyar magana, ta yaya zan tsaya gaban mutane in ce a rushe abin da suka yi da guminsu saboda lambun ubana? Gobe sai a ce dama don shi aka kafa ƙungiyar. Bayan buki zan tura mutum goma su taya shi ƙarfafa gaɓar.

Asabar, 26 ga Yuli

An buɗe katanga! Keji ashirin da takwas cif, miƙaƙƙiya, ba inda ta karkace. Mata sun yi guɗa har maƙogwaro ya dushe. An yi shinkafa da naman akuya, tsofaffi sun sa albarka, wakilin magajin gari ya ce zai kawo matasan wasu ƙauyuka su ga yadda ake yi. Jawabina ya ɗan yi tsawo, na sani, tunda Aissa ta riƙa nuna mini agogon hannunta.

Baba ya zo. Da farar rigarsa ta sallah da rawani, ya zauna sahun gaba. Da aka kira sunana aka ce ɗan Malam Ya'u, na ga ya gyara zama. Wallahi wannan ya fi mini tafin kowa.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ranar dashen itace, mun dasa ɗari da ashirin kewaye da lakwal. Aikin gaɓar Baba na ɗaga shi zuwa Asabar mai zuwa. Ko hadari babu tukuna.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ya zo.

Bayan azahar, sama fes a nan, sai wani daga sama da mu ya kira ya ce an kwana ana ruwa a duwatsu, kori ya taho, a janye dabbobi. Kafin mu kai gaɓa mun ji rugugi. Jan ruwa, da itatuwa da komai a kansa. Ya bugi katanga har ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Ba keji ɗaya da ya motsa. Yara na tsalle, Bashar ya ɗaga ni sama, ni ma ihu nake yi.

Sai da ya sauke ni na ga Baba a gefena. Allah ya sa ya dawo gida sallah, ba ya can. Ba katanga yake kallo ba. Na bi idonsa. Ruwan na barin wutsiyar katangarmu yana ratsa kori a karkace, kai tsaye zuwa lambu, daidai yadda ya nuna mini da haɓa. Ƙayar da buhunan ba su yi minti biyar ba. Gaɓa ta riƙa zubewa gutsure-gutsure. Itacen rumman ya tafi. Wajen la'asar bakin rijiya ya karkata, ya zube ciki, ruwa ya rufe wurin.

Na jira ya ce wani abu. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya ce, "Katanga ta yi kyau. Lakwal ta tsira." Ya kama hanyar masallaci.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ban rubuta komai a allo ba. An kawo tuwo na kasa ci.

Asabar, 9 ga Agusta

Ruwa ya janye, na tsallaka. Kashi ɗaya cikin uku na lambun babu shi. Inda rijiya take sai laka. Sauran albasar na nan, amma in ba ta samu ruwa ba cikin 'yan kwanakin nan ta tafi ita ma. Maƙwabcinsa ya ja masa tiyo daga tasa rijiyar, na ɗan lokaci.

Da yamma na kira taro. Na shirya magana mai kyau a hanya, da na tashi duk ta gudu. Na ce Baba ya gaya mini tun kwana biyu da fara aiki, na ɓoye muku, Aissa ta ce in faɗa na ƙi. Na ce laifin ba na wanda ya ɗauki dutse ba ne, nawa ne.

Sai Bashar ya ce, "To mi ake jira? Ni dai in akwai abin da na iya a duniya, rami ne." Aka yi dariya, har da ni. Wani ya ce gidansu akwai zoben siminti biyu da suka rage, wani ya ce zai kawo igiya da guga. Aissa ta karɓi alli daga hannuna ta rubuta sanarwar gayyar haƙa sabuwar rijiya da kanta. Ko tsokana ɗaya ba ta yi mini ba, abin ya dame ni.

Litinin, 11 ga Agusta

Mutum hamsin da uku a tsallaken kori, ranar Litinin kuma, ba Asabar ba. Ba mu taɓa tara haka ba, ko ranar buki. Har tsofaffin da ba sa iya ɗaukar komai sun zo sun zauna a inuwa suna dafa shayi. In wannan ba ƙungiya ba ce, ban san mece ce ƙungiya ba.

Bashar ya tambaye ni ina za a sara. Na ce ya tambayi mai lambu.

Baba ya zaga wurin a hankali, yana duba ƙasa, yana duba kori. Ya miƙo mini turke ya ce in tsaya can. Na tsaya. Ya ce in matsa taku huɗu gabas. Na matsa. Ya ce a'a, in dawo ɗaya. Na dawo, mutane hamsin suna kallo. Ya ce, "Nan." Na kafa.

Ban tambaye shi dalili ba. Ba wani abu ba ne, rana ta yi zafi, kuma ana jiranmu.

Zuwa azahar ramin ya kai ƙirjina. Ni ke ciki, Bashar na jan guga. Na ɗaga kai na ga Baba tsugune a baki yana miƙo mini ruwa a moɗa. Ya ce, "Sha, ka huta." Na ce ban gaji ba, amma na sha.

Ya ce jibi zai nuna mana inda za a karya wutsiyar katangar, keji shida ne ko bakwai, sai ya gani. Na ce Aissa ta sa a allo. Zan je in ɗauko shi tun da sassafe in riƙe masa igiyar. Don dai aiki ya yi sauri ne.