Ni da Mama a Ɗigo Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Na gama gyaran manhajar kai magani gida-gida. Kowane mai saye ɗigo ne a taswira, lambobi biyu kawai, ta tsaye da ta kwance. In na mutum biyu suka zo daidai, to rajista sau biyu ce, a goge ɗaya. Kiptoo abokin aikina har da tafi. Yau ji nake babu kamata a Nairobi.

Laraba, 5 ga Maris
Surukata, Mama Barasa, ta sake aiko da ugali, tuwon masara, daga ɗakinta na ƙasan bene. Wai ɗanta ya rame. Haba! Mijina Barasa da wandonsa ma ba ya rufuwa?

Alhamis, 6 ga Maris
Maganin hawan jinin Mama bai zo ba. Ƙwaya ɗaya ta rage mata. Mutiso, ɗan acaɓa mai kai magani, ya rantse babu sunanta, nawa kaɗai ya gani. Na buɗe taswira na duba. Ɗakinmu a kan nata yake cif, taswira kuwa ba ta san bene ba. Ni na goge surukata da hannuna!

Na kai mata maganin da kaina, ina kame-kame. Ta saurara, ta ce, "Wato na'urarku cewa ta yi ni da ke mutum ɗaya ne?" Ta yi dariya har da tari. "Zauna, Nekesa, 'yata. Tun da kika shigo gidan nan ba ki taɓa shan shayi a ɗakina ba."

Kunya kamar in nutse. Shayin da daɗi, citta ta ji.

Juma'a, 7 ga Maris
Yanzu sai lambar waya ma ta zo ɗaya kafin a goge kowa. Mun bi duk masu zama a bene, mun mayar da su. Kiptoo sai tsiya yake min: "Sannu mai haɗa zumunci."

Lahadi, 16 ga Maris
Mama ta koya min dafa ganyen kabewa da madara. Ta ce gishirina ya yi yawa. Ya yi ɗin.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Kiptoo ya ce saura rajistar Mama ban mayar ba. Na ce a bar nata a ƙarƙashin sunana, ni zan riƙa saukar mata. Ai ya fi sauƙi ga Mutiso, shi ke nan.

Na tarar ta riga ta jera kofi biyu.