Jinin da Ban Ɗiba Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta taɓa iske ki ba. Ko da kina raye ma ba za ki karɓa daga hannuna ba, sai dai in ba ƙanwata Hadiza ta miƙa miki.

Gida lafiya. Hadiza ta sauka, an sami namiji. Ɗakinki na Ƙofar Guga yana nan a rufe, Baba ya hana a taɓa ko tabarma.

Inna, shekara goma sha ɗaya ina ɗibar jinin mutane a asibiti. Akwai gwajin da muke yi wa masu ciwon daji. Cutar tana zubar da wasu sinadarai masu ɗauke da sukari a cikin jini, da su likita ke gane ko tana ci gaba ko magani ya fara kama ta. Matan Batagarawa suna zuwa in ɗiba musu, wasu su koma gida da fara'a. Hannunki ne ban taɓa riƙewa na nemi jijiya ba.

Ni ce 'yar fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki cin abinci a gabana, balle ki buɗe mini ƙirjinki. Da ciwon dajin ya kama ki a nan, kin nuna wa maƙwabciya, kin nuna wa mai maganin gargajiya, amma 'yarki ma'aikaciyar asibiti kika ji kunyarta.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba: na gani. Tun kafin azumin bara na lura kin daina ɗaga hannun hagu in za ki ɗaura ɗankwali. Na san abin da hakan ke iya nufi. Na sunkuyar da kai na wuce, wai ni mai tarbiyya. Wace irin tarbiyya ce wannan, Inna? Da na yi miki rashin kunya sau ɗaya tak, da yanzu ba kina zaune kina fushi da ni ba? Wallahi da na fi son fushin.

Makon jiya na ji ƙululu a nawa ƙirjin. An ɗibi jinina, jibi za a ciri ɗan nama a duba. Tsoro nake ji. Na kira Zainab, 'yar farina, na kama hannunta na ɗora a wurin. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ita za ta raka ni.

Ki yafe mini. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki.

'Yarki,
Binta