Gayyar Gonar Dokas

Kwaja, ta Mubi
3 ga Yuli, 1961

Zuwa ga yayana, Hamma Harun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin ɗab'i. Inna tana gaishe ka.

Bayan haka, tun da ƙuri'ar raba gardama ta mai da yankinmu cikin Nijeriya, an ce duk malamin da ba shi da takardar horo sai sufeto ya ga koyarwarsa kafin a bar shi a aji. Ran ashirin ga wata zai zo mini, darasin Turanci zai duba.

Ga inda na maƙale. Na koya wa yara cewa suna daban, siffa daban. Sai muka ci karo da *cattle market* da *market cattle*, wato kasuwar shanu da shanun kasuwa. A nan shanu ke bayyana kasuwa, a can kasuwa ke bayyana shanu. Suka ce, "Malam, to wanne ne sunan?" Mako biyu ke nan ina kewaye-kewaye. Kai da kake gyaran littattafai, ka cece ni.

Ƙanenka, Sali

Zariya
10 ga Yuli, 1961

Sali,

Na amsa gaisuwa, a gaida Inna. Amsar gajeriya ce. Turanci ba ya buga wa kalma tambari na dindindin, inda ta tsaya ne ke ba ta aiki. Ta ƙarshe ita ce suna, wadda ta gabace ta siffanta ta take yi. Rubuta a allo su haddace. Ka goge takalminka, kuma ban da dogon bayani gaban sufeto.

Ka huta lafiya.
Harun

Kwaja
22 ga Yuli, 1961

Hamma,

Gaisuwa da ban girma. Sun haddace, na goge takalmi. Abin da na manta shi ne ranar ta faɗo kan gayyar Dokas, dattijuwar da gonarta ke bayan makaranta. Cikin yara talatin da ɗaya, huɗu sufeto ya tarar.

Ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Suna gona, ranka ya daɗe." Na ɗauka aikina ya ƙare. Sai ya ce mu je.

Mutum wajen arba'in muka samu a sahu guda, daga gindin dutse har bakin rafi, fartanyu na tashi suna sauka kamar hannu ɗaya ke riƙe da su. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tara yaran a inuwa ya yi tambayarsa. Suka rera haddarka tsaf. Da ya juya kalmomin, sai tsit.

Dokas ta kawo kunu, ta ce, "Malam, me baƙon yake nema wurin yaran nan?" Na bayyana mata da yarenmu. Ta yi dariya. "Wannan ne ya sa ka rame? Yau ni ce mai gona, maƙwabcina Adi ya zo taya ni. Jibi gonarsa ce, ni ce mai tayawa. Ni ɗin dai ce. Gonar ce ke sauyawa."

Hamma, da ka ga fuskokin yaran. Duk abin da sufeto ya jefo, sai su nuna masa mai gona da mai tayawa, ba su kuskure ko ɗaya ba. Na fassara masa maganar Dokas. Ya tuɓe takalmi, ya karɓi fartanya, ya nome kunya guda har ƙarshenta. Sannan ya kama hanyarsa.

Cikin gayya aka haife ni, amma sai ran nan na gan ta. Ban san abin da zai rubuta ba. A taya ni addu'a.

Naka, Sali

Kwaja
14 ga Agusta, 1961

Hamma,

Ina gaisuwa. Na yi mamaki da ka ce sau uku ka karanta takardata, kai da ba ka maimaita shafi.

Takarda ta zo, an bar ni a aji, alhamdu lillahi.

Saura abu ɗaya. Kullum Dokas sai ta tsaya a ƙofar makaranta ta tambaye ni inda gonar baƙon take. Na ce a Kaduna yake, mai yiwuwa ma ba shi da gona. Ta ce wannan ba ruwanta, ya nome mata kunya, dole ta rama masa, ita kuwa ba za ta mutu da kunyar wani a kanta ba. Don Allah ka bincika mana.

Allah ya bar zumunci.
Sali