Abin da Aka Sha a Makokin Baba

Laraba, 2 ga Oktoba

"Baba, kwantar da hankalinka. Kafin kaka zan dafa giya a tukunyarka in ajiye. Ba mai shan ta kanti a makokinka." Ƙanina Tolik ke nan, a watan Mayu, riƙe da hannun Baba a asibiti. Ina tsaye a wurin.

Jiya muka binne Baba. Da aka zauna cin abinci, Tolik ya jero tsofaffin korayen kwalaben Baba ya zuzzuba wa kowa. Kawu Borys, maƙwabcinmu, wanda tun suna samari suke dafa bimber, giyar gida, tare da Baba a daji, ya shinshina, ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali. Ya ce, "Allah ya jiƙan Sergiusz. Yau kam ba ya cikinmu."

Vodkar kanti ce Tolik ya ɗura a kwalaben. Kowa ya gane. Aka ci gaba da cin kabeji. Da ma zagin mu suka yi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na leƙa ɗakin ajiya. Babu tukunyar. Sai zagayen da gindinta ya bari a ƙasa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Grażyna, matar Tolik, ta kira. Wai, "Yaya Taisa, giya ai giya ce. Ta kantin ma ta fi tsabta." Tsabta! Haka ne. A masana'anta suna tace ta har sai ta manta daga wane hatsi ta fito, su sirka ta da ruwa, su ɗura kwalba miliyan, ta farko da ta ƙarshe ba bambanci. Ba ƙamshi, ba uba.

Ta Baba kuwa hatsin gonarmu ne, da ruwan rijiyarmu, da hayaƙin itacen da ya hura. Shekarar fari ta fi zaƙi. Shekarar da Mama ta rasu ta yi ɗaci, duk ƙauyen sun faɗa. Ɗigon farko zubarwa yake yi a ƙasa, ya ce guba ne. Na ƙarshe mai wari ne. Na tsakiya kawai ake riƙewa, kuma ba abin da ke nuna maka inda za ka yanke sai hanci da harshe.

Ji ni fa. Ni da na tsani abin nan tun ina yarinya. Warin tsami a rigar makaranta, Mama na leƙen hanya ko 'yan sanda ne tafe. Na gudu birnin Białystok na ɓuya a ɗakin karatu, na karanta duk abin da masana suka rubuta kan yadda shaye-shaye ya cinye ƙauyukanmu, kuma gaskiya suka faɗa. To me ya sa nake kuka?

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na ga tukunyar. Gidan abincin nan na bakin babbar hanya, inda motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa. Sun goge jan ƙarfen yana walƙiya, sun rataye ta a bango, sun cusa furannin roba a bakinta. Lotsawar da ta yi ranar da ta faɗo daga keken doki tana nan a gefe.

Yarinyar da ke raba abinci ta ce, "Kayan gargajiya ne, Uwargida. A ɗauke ki hoto?"

Na ce, "Ubana ne. Kawo shayi."

Talata, 15 ga Oktoba

Tolik ya ɗaga waya daga ƙarshe. Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na kira shi maƙaryaci, na ce ya sayar da uba ya sayo ruwan famfo. Sai ya ce:

"Kin gama, malama? Yaushe rabon da ki ga kofin giya a hannuna?"

Na ce ban sani ba.

"Shekara biyu. Da Grażyna ta kwashe yaran, na rantse na daina sha. Na hura wutar a watan Yuni, Yaya, wallahi na hura. Da ƙamshin ya taso na ji kwaɗayin sha ya dawo. Wa zai ɗanɗana ya yanke? Ke? Ke da kike toshe hanci da littafi? Na kashe wutar na fitar da ita daga gidan, don in ta kwana a nan ni ba zan kwana lafiya ba."

Na ce ai da ya gaya wa Baba.

"In ce wa mai mutuwa abin da ya fi alfahari da shi ne ya kusa kashe ɗansa?"

Na kashe wayar.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ruwa Tolik ya sha a makokin. A gabana ya zauna. Ban lura ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na koma ƙauye kwashe kayan Baba. Buhun hatsin bana na nan a bayan ƙofa. Na jiƙa kaɗan, don kada ɓeraye su cinye, ba wani abu ba.

Kawu Borys ya shigo ya tarar da ni. Ya tura hannu cikin bokitin. "Ruwan ya yi yawa, 'yar boko." Na rage. Ya ce, "Kin san tun kina 'yar mitsitsiya ke ce mai hancin? Ubanki kan ce, waccan da ke yamutsa fuska a bakin ƙofa, in ta daina yamutsawa, to an kai tsakiya. Da fuskarki yake yankewa."

Ƙarya yake yi. Wataƙila.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Hatsin ya yi tsiro, farare ƙanana. Na nemi hutu a wurin aiki, na ce rashin lafiya.

Addu'ar arba'in ranar shida ga Nuwamba ce, mutanen da suka zo makoki su ne za su dawo. Na aika wa Tolik: kafin Asabar biyu ga wata ya je ya karɓo tukunyar ya ajiye a ƙofar Kawu Borys. Ba sai ya shigo ba, ba sai ya shaƙi komai ba. Yadda zai yi da masu gidan abincin shi ya sani.

In bai kawo ba, ranar Lahadi zan shiga wurin da tsakar rana, ana tsaka da cin abinci, in hau kujera in sauke ta da hannuna, su kira wanda za su kira. Ni zan hura wutar, ni zan ɗanɗana.

Ranar addu'ar, kujerar Tolik kusa da tawa zan sa. Zan dafa masa ruwan tuffa, tulu guda. Ba hucewa na yi ba. Tuffa ce ta yi yawa bana.