Sati shida ina danna wa Dije "ta zo"

Assalamu alaikum Anti mai shafi da masu karatu. Da wayar yayata nake rubuto wannan, don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe.

'Yar aji uku ce ni a ƙaramar sakandare a wani gari cikin Roni. Ranar da aka kira ni ofis, abin da na fara gani shi ne kwamfutar hannu a bakin taga tana caji da farantin sola, an ɗaure gefenta da kyauro saboda ta tsage. Wata jami'a ce ta kawo ta daga Kazaure, ta wani shiri mai bibiyar zuwan 'yan mata makaranta. Malama Binta, malamar ajinmu, ta nuna ni ta ce, "Wannan ba ta magana, amma ko ƙuda ya shigo aji sai ta san ta ina ya bi. A ba ta."

Jami'ar ta zaunar da ni ta koya mini. Kullum da safe zan danna wa kowace yarinya "ta zo" ko "ba ta zo ba". Manhajar sai ta ɗauki yawan waɗanda suka zo, ta raba da yawan sunayen aji, ta ninka sau ɗari. Abin da ya fito shi ne ma'aunin ajinmu. In ya yi sama sai ya nuna kore, in ya sauka ya koma ruwan ɗorawa. Yarinyar da ta yi kwana goma a jere ba ta zo ba kuwa, sunanta ja yake zama, ya tafi Kazaure, mutanen shirin su zo har gida su ji dalili.

Ƙawa ɗaya gare ni a duniya, zan kira ta Dije. Daga ruga take zuwa da ƙafa. Ita ce mai tsokanata da "kurma mai kwamfuta", ita kaɗai ce in na yi shiru ba ta tambayata me ya faru. Innarta ta haihu, jiki ya ƙi daɗi, tatsa da kai nono kasuwa suka dawo kanta. Ranar kasuwa ta kama hannuna ta ce, "Kar ki bari in yi ja. In mota ta tsaya a rugarmu, Baffa cewa zai yi na jawo masa hukuma, shi ke nan ni da boko. Kwana biyu ne, zan dawo." Na ce to. Wa zai ce a'a?

Yau sati shida ke nan ba ta dawo ba, kullum ina danna mata "ta zo". Mun fi saba'in a aji, Malama kuma azuzuwa uku take riƙewa, tun da kwamfuta ta zo aka ajiye rajistar takarda. Sau ɗaya ta ɗaga kai ta ce, "Wai ina Dije ne?" Na ce ta je shan ruwa. Bakina ne ya faɗa, ko rawa bai yi ba. Kuma zan faɗi gaskiya, ba don alkawari kaɗai nake yi ba. In na danna mata "ta zo", sai in ji kamar bencinmu bai zama nawa ni kaɗai ba. Da hutun tara nake cin ƙosaina a bayan aji, har yanzu na mutum biyu nake saya.

Shekaranjiya jami'ar ta dawo. Ta ce a wata makaranta a Gwiwa sunaye sun yi ja, sun bi 'yan matan gida-gida, kuma ba faɗa suka je yi ba. Wata yarinyar keke aka samar mata, wata kuma iyayenta za su tashi da shanu, aka zauna da su har suka yarda ta zauna wurin gwaggonta a gari ta gama. Sannan ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna wa kowa korenmu, ta sa aka tafa wa Malama, aka tafa mini. Ni kuwa na riga na ji a kasuwa cewa su Dije ma da an gama girbi za su tashi, kuma an riga an fara yankan dawa. Ashe taimakon da zai iya zuwar mata ni na tare shi da yatsana?

In na gyara kwanakin, manhajar tana ajiye wanda ya canza da ranar da ya canza. Ma'auninmu zai sauka, Malama ta ji kunya a gaban mutanen Kazaure, Dije ta ce na ci amana, kuma wataƙila Baffan nata ya yi abin da take tsoro. In na yi shiru, za ta tafi, babu wanda zai neme ta, tunda a wurinsu kullum tana aji.

Jiya na bi Malama har inda take jiran babur, na ce, "Malama, don Allah ranar Litinin ki kira suna da bakinki, ɗaya bayan ɗaya." Ta dube ni ta ce, "Kwamfutar ce ta lalace?" Babur ya iso, ta hau ta tafi.

Litinin jibi ce. In ta kira Dije aka yi shiru, ta juyo ta kalle ni, me zan yi?